Sirdin keken tsere yana neman raba ni da hawa

Ɗan Kurna:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema, ku yi haƙuri maganar tana da ɗan nauyi a baki. Na sayi keken tsere na hannu, irin mai siraran tayoyi da lanƙwasasshen kai. Keken lafiyarsa ƙalau, sirdin ne matsalar. In na tashi daga Kano zuwa Wudil, wajen kilomita 40, kafin in hango gada mazaunaina sun ɗau wuta. A dawowa kuwa ba a magana, tun daga Gano rabin tuƙin a tsaye nake yi. Abin da ya fi tayar mini da hankali, wani lokaci gabana yakan sage, in sauka in ji kamar ba a jikina yake ba, sai an jima ya dawo. Ga shi abokaina sun sa ranar zuwa Dutse bayan sallah. Na ga wani sirdi a Sabon Gari, faffaɗa, mai soso da sifirin biyu a ƙasa, na kuma ga rigar sirdi mai jel. Wanne zan ɗauka?

Baba Mai Raleigh:
Wa alaikumus salam. Yaro, kai ka jawo wa kanka. Wannan ɗan tsirit ɗin abin da kuke ɗofana jiki a kai shi ne sirdi? Mu a kan Raleigh muka riƙa zuwa Ɗambatta ranar kasuwa, mu dawo da buhun gero a kariya, babu wanda ya taɓa kukan mazaunai. Sirdin fata ne mai sifirin, faɗinsa ya ishi mutum. Je ka sayi faffaɗan ka huta.

Malam Mai Faci:
Baba, Allah ya ƙara girma, amma yau kam zan saɓa maka. Zaman da kake yi a kan Raleigh da zaman da yaron nan yake yi ba ɗaya ba ne. Kai a miƙe kake zaune, bayanka sak, nauyinka duka a kan sirdi, don haka faffaɗa mai sifirin shi ne daidai da kai. Shi kuwa a sunkuye yake, ƙugunsa ya karkato gaba, ƙafarsa tana juya feda sau 80 ko 90 a minti. Ka ɗora masa faffaɗan nan, gefensa zai yi ta gogar cinyarsa har fata ta sale, sifirin kuma ya riƙa cilla shi sama da ƙasa. Na sha ɗaura wa samari irinsa a shago, ba a rufa wata sun dawo a cire.

Ɗan Kurna, rigar jel ɗin ma bar ta a inda ka gan ta.

Ɗan Kurna:
To Malam, in abu yana da tauri yana yi mini ciwo, ba laushi ne maganinsa ba?

Malam Fisiyo:
A nan ne kusan kowa yake ɓata kuɗinsa, bari in ɗan ja bayanin. A ƙasan ƙugu akwai wasu ƙasusuwa biyu masu tsini, in ka zauna a kan tafin hannunka a benci za ka ji su. Su Allah ya yi don ɗaukar nauyin zama. A tsakaninsu kuwa, daga dubura zuwa gaba, nama ne mai taushi, ta nan jijiyoyin jini da jijiyar da ke kai ji zuwa gaba suke bi. Aikin sirdi guda ɗaya ne: ya tallafi ƙasusuwan nan biyu, ya ƙyale tsakiyar.

In soso ya yi yawa, ƙasusuwan sai su nutse ciki. Soson da suka ture ba shi da wurin zuwa sai tsakiya, sai ya taso ya danne daidai inda ba a so a danne. Kamar katifar da ta cika laushi ce, daɗi a farkon kwanciya, da asuba ka tashi da ciwon baya. A tafiyar minti 15 zuwa masallaci ko kasuwa ba za ka lura ba. A tafiyar awa uku za ka gane kurenka.

Sagewar da ka ambata ita ta fi damuna. Ciwon ƙashin zama a wurin sabon mahayi ba abin tsoro ba ne, jiki yana sabawa cikin 'yan makonni in ana hawa a kai a kai. Sagewa ba a sabawa da ita, alama ce ana danne jijiya ana tare jini. Kada wani ya ce maka ka daure, jarumta ce. In ta kai ga ta wuni ba ta sake ka ba, ko ka ga canji a fitsari ko a harkar iyali, ajiye keken ka ga likita.

Baba Mai Raleigh:
Ka ji ko? Har da harkar iyali. Keken banza keken wofi.

Shugaba:
Baba a yi mana afuwa, yaron ko aure bai yi ba, kada ka sa ya sayar da keken 😂

Sarkin Gudu:
Maganar sagewar nan ita ta canza fasalin sirdi gaba ɗaya. A 1997 wani likitan mafitsara a Boston ta Amurka, Irwin Goldstein, ya tayar da ƙura a kan illar sirdi ga mazantaka, daga nan kamfanoni suka shiga fitar da sirdi mai kwari ko rami a tsakiya. Specialized suka ɗauko likita Roger Minkow ya zana musu nasu. A 2015 kuma suka fito da sirdi mai suna Power, mai gajeren hanci, tsawonsa milimita 240, alhali sirdin da aka saba yana kaiwa 270 zuwa 280. Yanzu kusan kowane kamfani yana da gajerensa. Selle SMP na Italiya nasu hancin a sunkuye yake, ramin ya tashi tun daga baya har gaba. ISM su ma hancin suka yanke, suka bar ƙafa biyu. Ni dai Power nake hawa, kuma na ce ka nemi shi kawai ka rufe babin.

Malam Mai Faci:
Sarkin Gudu, kowa da kiwon da ya karɓe shi. Wanda ya yi maka ba lallai ya yi masa ba, ƙugunku ba ɗaya ba ne. Shi Power ɗin ai faɗi daban-daban ake yin sa, akwai mai milimita 143 akwai mai 155. Wanne zai saya in bai auna kansa ba? Kuma gajeren sirdi wuri guda yake zaunar da mutum. Akwai masu son su riƙa matsawa gaba a shimfiɗaɗɗen titi, su ja baya in sun zo hawa tudu, su dogon sirdi shimfiɗaɗɗe irin Fizik Arione mai milimita 300 ya fi yi musu.

Ɗan Kurna:
Auna kaina kamar yaya? Da tef ɗin tela?

Malam Fisiyo:
A'a, da kwali. Nemi kwalin taliya ko na sabulu, mai gida-gida a cikinsa, ka yanko fallen da bai lotsa ba. Ɗora shi a kan abu mai tauri, matakalar siminti ta fi. Sa wando mara kauri ka zauna a kai, ƙafafunka a matakalar ƙasa yadda gwiwa za ta ɗan ɗago, ka ɗan sunkuya kamar kana riƙe da kan keke, ka saki nauyinka kamar minti ɗaya. In ka tashi za ka ga lotsawa biyu. In ba su fito sosai ba, kwantar da alli ka goga a kan kwalin, inda ya lotsa ba zai kama alli ba. Ɗiga biro a tsakiyar kowanne, ka auna tazarar da rula. Yawancin mutane tsakanin milimita 100 da 140 suke faɗawa. Abin da ka samu ka ƙara masa kamar 20, shi ne faɗin sirdin da za ka fara gwadawa. In ba ka sunkuyawa sosai ƙara fiye da haka kaɗan, domin ƙashin ƙugu yana tsukewa ne ta gaba: iya sunkuyawarka, iya ƙanƙantar wurin da kake zaune a kai.

Ƙiba ko rama ba su da ruwa da wannan awon. Na ga ƙato mai ƙashi a tsuke, na ga siriri mai ƙashi a buɗe.

Maman Hanan:
Sannunku da muhawara. Bari in sa baki don na san akwai mata a nan da suke karantawa su yi shiru. A jimlace ƙashinmu ya fi na maza buɗewa, shi ya sa sirdin da yake zuwa da keke yawanci ba ya yi mana. Amma kada mace ta ga an rubuta na mata ta ɗauka shi ke nan, ita ma ta auna. Kuma ramin tsakiyar nan ba kowace mace yake wa daɗi ba, wata gefen ramin ne yake matse ta har wurin ya kumbura. Saboda haka ne ma Specialized suka yi wani da suke kira Mimic, suka cike ramin da soso mai taushi.

Abin da ban ga an ambata ba shi ne wando. Ƙanina Ɗan Kurna, da me kake hawa?

Ɗan Kurna:
Wandon ƙwallo Anti, da gajeren wando a ciki.

Maman Hanan:
To rabin wutar daga nan take. Ɗinkin gajeren wandon yana bi ta daidai inda kake zama, ga auduga tana shan gumi ta riƙe. Zafin Kano, gumi, gogayya, me kake jira in ba ƙuraje da maruru ba? Akwai wandon keke mai ɗan soso a ɗinke a ciki, a kan fata ake sa shi, ba a sa komai a ƙarƙashinsa. In kana jin nauyin fita da matsattsen kaya, ɗora wando mai faɗi a sama, ni ma haka nake yi da dogon wando da riga har gwiwa. Ana samunsa a gwanjo in an tona, amma a duba soson bai mutu ba, a wanke shi sosai a shanya a rana. Kana dawowa ka cire ka yi wanka, kada ka zauna shan shayi da shi a jiki, kuma ba a maimaita shi sai an wanke. Kafin doguwar tafiya shafa ɗan man kaɗanya a matse-matsi.

Sarkin Gudu:
Akwai kirim na musamman da ake yi don wannan fa.

Maman Hanan:
Akwai. Kuɗin kwalba ɗaya zai saya mini man kaɗanyar shekara.

Na Maraɗi:
Gaisuwa ga mutanen Kano. Ni dai ina bayan Baba ta wani ɓangare, a bar raina sirdin fata. Brooks na Ingila tun ƙarshen ƙarni na 19 suke yin B17, har yau ba su daina ba. Babu soso ko kaɗan, fata ce aka ɗame a kan ƙarfe, da tafiya ta yi tafiya sai ta lotsa daidai ƙashinka, ta zama taka kai kaɗai. Ku dubi masu yin doguwar tafiyar keke ta Paris-Brest-Paris a Faransa, kilomita 1,200 cikin awa 90, da yawansu a kan fata suke zaune. Waɗannan ai sun fi mu sanin ciwon zama. Raleigh ɗin Baba ma mai yiwuwa Brooks ne a kansa, don kamfanin Raleigh ya saye su a 1962.

Baba Mai Raleigh:
Yawwa ɗan albarka! Ashe akwai sauran masu hankali.

Malam Mai Faci:
Ban ƙi ta taka ba Na Maraɗi, amma a faɗa wa yaron sauran. B17 faɗinsa milimita 175, nauyinsa ya haura rabin kilo, an yi shi don wanda kan kekensa yake kusan daidai da tsayin sirdi. In kan keken ya yi ƙasa sosai irin na 'yan tsere, ba shi ne ya dace ba, akwai sirara a cikin nasu. Sannan fata tana son kulawa: ruwan damina ya jiƙa ta ka hau a haka sai ta saki, hunturu kuma ya busar da ita in ba a shafa mata mai. Kuma kafin ta karɓi jikinka sai ka ci kilomita ɗaruruwa. Wanda zai je Dutse bayan sallah ba shi da wannan lokacin. In siffar yake so ba wahalar, suna da Cambium na roba da suka fitar a 2013, shi ruwa bai dame shi ba.

Na Maraɗi:
Gaskiya ne, ni da leda nake yawo a aljihu saboda hadari.

Malam Mai Faci:
Ni fa har yanzu ban yarda sirdin ne kaɗai mai laifi ba. Keken hannu da saitin tsohon mai shi yake zuwa. Cikin waɗanda suke kawo mini kukan sirdi, da yawa da alanki nake sallamarsu, ba su sayi komai ba.

Fara da tsayi. In sirdi ya yi sama, ƙafa tana miƙa don ta kai feda, ƙugu sai ya riƙa rangaji dama da hagu, kana goga jikinka a sirdi a kowane juyi. Sa wani ya bi ka a baya ya kalli ƙugunka. Gwaji mai sauƙi: jingina da bango, ɗora diddige a feda, juya ta ƙasa can. Ƙafar ta miƙe sak ba tare da ka karkata ba. In ka mayar da tafin gaba kan feda, gwiwa za ta ɗan lanƙwashe, haka ake so. Mai son lissafi kuma akwai na Greg LeMond, wanda ya ci Tour de France sau uku: auna daga matse-matsi zuwa ƙasa ba takalmi, ka ninka da 0.883. In ka samu santimita 84, tsayin zai zama 74 da ɗan ɗigo, daga cibiyar da feda take juyawa zuwa saman sirdi. Mafari ne, ba aya ba ce.

Sai karkata. Ajiye keken a daɓe mai daidai, ɗora katako ko littafi mai tauri a kan sirdi, ka sa ma'aunin magina mai ruwa a ciki, ko na waya. Hanci ya ɗaga ko kaɗan ne, to ga mai danne maka gaba nan.

Sarkin Gudu:
Shi ya sa ni nake dungurar da hancin ƙasa sosai. Hukumar tseren keke ta duniya, UCI, da kanta ta sassauta dokar a 2016, daga digiri 3 ta koma 9, bayan da 'yan Birtaniya suka nuna irin raunin da matan tawagarsu suke samu.

Malam Fisiyo:
An sassauta, amma 9 iyaka ce, ba umarni ba. Waɗancan a kwance suke tuƙi, kuma ƙarfin da suke taka feda da shi yana ɗage musu nauyi. Kai da ni in muka dungurar da yawa, zamewa gaba za mu riƙa yi, hannu ya yi ta tokare mu. Sai ka rabu da ciwon mazaunai ka ɗauko na wuyan hannu da kafaɗa, yatsu su fara sagewa. Digiri 1 ko 2 ya ishi yawancin mutane. Wani lokacin ma kan keken ne ya yi nisa ko ya yi ƙasa, mutum yana miƙa ya kamo shi, sai ya mirgino kan hancin sirdi. Wannan ko sirdin zinare ka saya ba zai gyaru ba sai an ɗago kan ko an sa gajeren wuya, wato ƙarfen da yake riƙe kan keken.

Ɗan Sabon Gari:
Ina da sirdi sababbi a kwali, kowane suna kake so akwai, farashi mai sauƙi. A yi mini magana ta gefe.

Shugaba:
Malam, talla ranar Juma'a ce. Wannan gargaɗi ne.

Sarkin Gudu:
Tunda an taɓo, a yi hattara da na jabu, ba da kai nake ba ɗan'uwa. Sun cika intanet, suna da tambari da komai, a kashi ɗaya cikin goma na kuɗin na gaske. Siffar takan yi kama, amma ƙashin cikin ko dai ya yi tauri kamar katako ko ya karye a rami. Gara na hannu na gaske. Kuma bambancin mai tsada da mai araha a siffa ɗaya yawanci ƙarafan ƙasa ne, wannan na kabon mara nauyi wancan ƙarfe, zaman duk ɗaya. Na kabon ma ba zagayayye ba ne, milimita 7 da 9 ne, ba kowane maƙalli yake kama shi ba. Ɗauki mai ƙarfe.

Na Maraɗi:
Yau Sarkin Gudu ne yake hana kashe kuɗi? Lallai za a yi ruwa.

Malam Mai Faci:
Taya fa? Nawa aka rubuta a gefenta?

Ɗan Kurna:
700x23, wato faɗinta milimita 23. Ina sa a yi mata iska har sai ta ƙi dannuwa.

Malam Mai Faci:
To duk wani tsakuwa da facin kwalta na hanyar Wudil kai tsaye yake isowa ƙashinka. In firam ɗin zai ɗauki taya mai faɗin 28, ko 25 ma, sa ta, ka rage iska. A 28, mai matsakaicin jiki iskar psi 70 zuwa 80 a ma'aunin famfo ta ishe shi, kuma gudunka ba zai ragu ba a irin titinmu. Sannan ka saba da miƙewa a kan feda duk bayan minti 10 ko 15, na 'yan daƙiƙu, tun kafin ciwo ya zo. In ka hango rami ko tudun rage gudu, ɗaga jikinka.

Ɗan Kurna:
Na dawo da rahoto. Na yi awon kwali, ƙanwata tana ta dariya ta ɗauka na zare. Tazarar ta ba ni 122. Na juya sirdin, a ƙasa an rubuta 130. Na ɗora littafi da waya, hancin ya ɗaga da digiri 4. Abokina ya bi ni a baya ya ce ƙuguna rawa yake yi.

Malam Fisiyo:
Ka ga abin da ya faru. Sirdin 130 gefensa a gangare yake, wurin zama na ainihi bai kai haka ba, ƙasusuwanka a baki-baki suke rataye, tsakiyar ce take ɗauke da kai. Ga hanci a sama, ga tsayi ya yi yawa. Nemi 143 mai kwari ko rami. Amma kada ka canza komai da komai rana ɗaya. Daidaita hancin, sauke tsayin milimita 5, ka hau ka ji. Naɗa salatif a sandar sirdi don ka san inda ka taso. In ka taɓa abu uku lokaci guda ba za ka san wanne ya yi aiki ba. Kuma sabon sirdi ba ranar Dutse ake fara hawansa ba.

Baba Mai Raleigh:
Kwali, alli, rula, salatif. Hawan keke ya koma jarrabawar lissafi. Allah ya kyauta.

Maman Hanan:
Baba kai ma ka auna mana mu ji.

Baba Mai Raleigh:
'Yar nan, ki kiyaye ni.

Malam Mai Faci:
Ɗan Kurna, kada ka sayi komai tukuna. Ina da tsofaffin sirdi a akwati waɗanda masu su suka bari, akwai 143 guda biyu, ɗaya shimfiɗaɗɗe ɗaya mai ɗagaggen baya. Zo ranar Asabar kafin azahar ka ɗauki ɗaya ka je Wudil da shi, mako mai zuwa ka musanya. Wanda ka manta da shi a hanya, irinsa za ka nema. Ka zo da takalmin da kake hawa da shi. Kuma leƙa ƙasan sirdin ka gaya mini noti nawa ne yake riƙe shi. In ɗaya ne mai haƙora, saitinsa tsalle yake yi, haƙori ɗaya hanci ya yi sama, na gaba ya yi ƙasa da yawa, sai mun nemo maka sanda mai noti biyu.

Ɗan Kurna:
Ɗaya ne Malam, kuma kan notin ya cinye. Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri.

Malam Mai Faci:
Amin. Kada ka matsa masa da alankin da bai yi daidai ba, bar shi haka ka taho da shi. Lamba 6 yawanci suke ci, in ya ƙi mu yanka mu sa sabo.